Yayata Kunne da Maganar Famfo

Yayata ba ta da magana. Ni aka ba rabon bakin gidanmu gaba ɗaya, ita kuwa aka ba ta kunne, har a ofishinsu ma sunan da ya bi ta ke nan, Kunne. Shekara ashirin da biyu tana aiki ɗaya: masu bincike su fita su yi hira da jama'a, su kawo muryoyin a rikoda, ita kuma ta zauna ta mayar da su rubutu kalma bayan kalma. Ɗakinta a ƙarƙashin matakala yake, da can sito ne, taga ɗaya da fanka mai kuka. Tana da abin sawa a kunne, da wani mataki a ƙasan tebur irin na keken ɗinkina. In ta taka, murya ta tafi, in ta ɗaga ƙafa, murya ta tsaya. Da tafireta ta fara tun tana budurwa, lokacin da Baba ya kwanta jinya ta bar makaranta. Daga baya aka kawo kwamfuta. Da aikin nan ta ɗauki nauyin karatuna, da shi kuma ta rene 'ya'yanta uku bayan rasuwar mijinta.

Na daɗe ban gane amfanin aikin ba. Na taɓa ce mata, wai mutane da digirinsu su tafi gidajen jama'a su yi ta zuba, ke kuma ki rubuta har tari da atishawa, wannan shi ne aiki? Sai ta ce min akwai irin hirar da ake yi tun ba a san tambayar da za a sa a takarda ba. Suna da sunanta na boko, amma ita hirar lalube take ce mata. Ana zama da mutum ne a bar shi ya yi bayani da bakinsa, daga nan a gano inda maganar take, sannan a rubuta tambayoyin da za a raba wa mutane ɗari-ɗari. Ta ce ai ni ma haka nake yi a shago: mace ta shigo da yadi ba ta san ɗinkin da take so ba, ba na fara gwada ta sai na ji inda za ta sa kayan.

Ofishin nasu ba ya zaɓen fanni. Yau masu aikin gona ne suka ba su aiki, gobe masu harkar lafiya, jibi malaman makaranta ko masu motocin haya. Kowane rukuni da ɗakinsa a sama, kowa da fayil ɗinsa, ba mai leƙa na wani. Amma duk muryoyin da suka kwaso ƙarƙashin matakala suke sauka. Yaya ta san ciwon tumatir, ta san dalilin da direba ke ƙin canza birki, ta san abin da ke sa malami barin aji, alhali ba ta taɓa fita aikin waje ko sau ɗaya ba. Kuma wallahi ko da zare ka ja bakinta ba za ta ba ka labarin kowa ba. Wannan hali nata ya sha ba ni haushi, don ni ina son labari.

To, a shekarar da nake faɗa, ayyuka uku suka haɗu a unguwa ɗaya, can bayan tasha. Masu binciken lafiya suna son sanin abin da ya sa mata suka daina kai yara rigakafi ƙaramin asibitin unguwar. Masu binciken ilimi suna neman dalilin makarar 'yan makaranta. Masu binciken kasuwa kuma suna tambayar me ya sa sabbin rumfuna suka zama kufai da safe.

Jagoran masu lafiya wani matashi ne da ake kira Malam Gaggawa, don ko gaisuwa a tsaye yake yi. Hira biyar kawai ya yi ya rubuta fom ɗinsa na tambayoyi, aka raba wa mata ɗari uku. A fom ɗin dalilai huɗu ne mace za ta zaɓa: nisa, tsada, rashin yarda da allura, ko halin ma'aikata. Mafi yawan matan suka zaɓi na huɗu. Ma'aikaciya ɗaya ce kuwa a ɗakin rigakafin, wata nas da ta yi shekara goma sha ɗaya a wurin. Ranar Juma'a za a miƙa rahoto ga hukumar lafiya, kuma shawarar da ke ciki ita ce a cire ta, a rubuta a takardarta cewa ta kori jama'a da mugun hali.

Yaya ce ta buga hirar da aka yi da nas ɗin. Ba ta taɓa ganin fuskarta ba, murya kawai ta sani. Matar ta ce da can sai ta rasa inda za ta zaunar da mata, yanzu daga safe zuwa tsakar rana ita da bencuna ne kawai. Ta ce ba ta san abin da ta yi musu ba. Daga nan Yaya ta ji tana jan hanci. Abin ya tsaya wa Yaya a rai, ta dawo gida ko abinci ba ta iya ci ba.

Akwai wata ɗabi'a da Yaya take da ita wadda ba wanda ya koya mata. Duk inda mai tambaya ya katse mutum, sai ta ja ɗan layi a wurin. Washegari ta koma ta bi layukan nan a ayyukan uku. A hirar masu lafiya wata uwa ta fara cewa ai tun da famfo ya koma, sai Malam Gaggawa ya ce to Mama, mu dawo maganar asibiti. A hirar masu ilimi wani uba ya ce yaran suna layin ruwa ne, mai tambaya ya ce wato aikin gida ke nan, ya wuce. A ta masu kasuwa wata mai sayar da kwanuka ta ce mata suna wajen famfo da safe, aka ce mata su kuɗin rumfa suke tambaya. Wuri goma sha ɗaya ta samu irin haka. Ta buga su a takarda ɗaya, ta hau sama, abin da ba ta taɓa yi ba sai an kira ta.

Shugaban ofishin dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya karanta, ya kira Malam Gaggawa. Shi kuwa ya ce da girmamawa, aikin Malama bugawa ne, fom ɗari uku sun yi magana, ba za a rushe su don guntattakin zance ba.

Yaya ta ce, "Yallaɓai, ni ban ce na san amsa ba. Sau goma sha ɗaya aka fara faɗa mana wani abu, sau goma sha ɗaya muka katse. Kafin a ɓata wa baiwar Allah suna, a bar mutum ɗaya ya ƙarasa maganarsa."

Shugaba ya ce duk ma'aikatansa suna da aiki a hannu, ba wanda zai tura. Sai ya sauke tabarau ɗin goshi ya dube ta, ya ce ita da ta ji hira ta fi dubu, me zai hana ta je da kanta? Ya ba ta kwana biyu, da rikoda, da takardun neman izini.

A shago ta same ni. Matar da ta rene yara uku ita kaɗai, wai tsoron ƙwanƙwasa ƙofar mutane take yi! Ta ce in raka ta, amma da sharaɗi: zan sa hannu a takardar riƙe sirri, kuma ba zan ce uffan ba. Na ce Yaya, na farkon mai sauƙi ne.

Da hantsi muka shiga unguwar. Gidan farko na wata tsohuwa ne, tsakar gida cike da jarkoki da bokitai, har da tukunyar girki an cika da ruwa. Yaya ta yi bayani, ta nemi izini, ta ajiye rikoda a kan tabarma. Ba ta ambaci asibiti ba, ba ta ambaci famfo ba. Cewa ta yi, "Mama, ba ni labarin safiyarki ta jiya, tun daga tashinki."

Tsohuwa ta yi shiru tana kallon rikoda. Shirun ya yi tsawo har ya fara yi min ƙaiƙayi. Na buɗe baki na ce ai Mama nufinta, sai na ji diddigen Yaya a kan yatsun ƙafata. A ofis in ta taka, murya tafiya take yi, amma ni da ta taka ni tsayawa na yi cak. Ko kallona ba ta yi ba.

Can tsohuwa ta gyara zama ta fara. Minti arba'in tana magana. Ashe da can da yamma ruwa yake zuwa unguwar. Wata takwas da suka wuce aka sauya, ya koma ƙarfe bakwai zuwa sha ɗaya na safe, kwana uku a mako, biyu daga ciki Talata da Alhamis. Su ne kuwa ranakun rigakafi. Duk wadda ta bar layi gidanta zai kwana biyu ba ruwa. Don haka uwa tana layi, yara suna jigila, kasuwa kuma sai wanda ya gani.

A gida na uku wata yarinyar mata mai goyo ta ƙarasa mana zancen. Ta ce sau ɗaya ta yi ta maza, ta gama ɗiban ruwa ta ruga asibiti da jiƙaƙƙen zani, ta isa sha ɗaya da rabi, saura kaɗan a rufe. Nas ta ce mata sai yanzu, tun safe ina zaune, ku ba ku san ciwon 'ya'yanku ba ne? Kunya ta hana ta komawa. Da aka kawo mata fom, ba ruwa a cikin dalilai huɗun, sai ta zaɓi halin ma'aikata, don ai an yi mata faɗa. Yaya ba ta ce komai ba sai "to, sai me ya faru?" Yarinyar da kanta ta ce da a ce da yamma ake yi, ita ce za ta fara zuwa. Ita nas ɗin a wata unguwa take zaune, can famfonsu bai sauya ba, shi ya sa ba ta san halin da ake ciki ba.

Hira tara muka yi a kwana biyun, yatsuna suka sha taku har sau huɗu. Yaya ta koma ɗakinta ta buga su, karo na farko da ta ji muryarta a abin kunnen nan. Ta ce min ba ta san haka muryarta take da siranta ba.

Ranar Juma'a aka zauna da mutanen hukuma. Zan faɗi gaskiya a kan Malam Gaggawa duk da ba ya burge ni: shi ya tashi da kansa ya ce fom ɗinsa ne ya gaza, don ya rufe tambaya tun bai gama sauraro ba. Ya janye shawarar cire nas, ya nemi a gwada rigakafin yamma na wata ɗaya kafin a taɓa kowa. Masu ilimi da masu kasuwa ma suka sauko ƙarƙashin matakala suna roƙon kwafi, don amsar tasu tambayar tana ciki. Shugaba ya sa aka rubuta sunan Yaya a jerin masu bincike, ba a ƙasan shafi wajen masu bugawa ba. Ni na yi ta shela a layinmu har maƙwabta suka gaji da ni. Ita kuwa hankalinta bai kwanta ba. Ta ce gwaji ne kawai, in matan ba su fito ba, laifin zai koma kan nas ɗin, kuma wannan karon ba mai ceton ta.

Alhamis ta mako na uku ta kasa haƙuri, ta ce in zo mu je. Ƙarfe huɗu muka isa. Tun daga bakin titi muka fara jin kukan jarirai. Bencuna sun cika, wasu matan a ƙasa, layi ya fito har wajen ƙofa ya lanƙwasa ta bayan gini. Na hango yarinyar nan mai goyo da katinta a hannu. Muka kutsa muka tsaya a bakin ɗakin. Nas ɗin gajeriya ce, gumi ya jiƙa mata wuya, biro a maƙale a kallabi, tana kiran lamba tana rarrashin wani jariri tana neman auduga duk a lokaci guda. Ta ɗago ta gan mu tsaye ba goyo ba kati.

Ta ce, "Bayin Allah, in ba yaro kuka kawo ba ku ba ni hanya. Ba ku ga aiki ya yi min yawa ba?"

Raina ya ɓaci. Na ja numfashi zan gaya mata ko wace ce take kora, da abin da aka kusa rubutawa a takardarta. Yaya ta damƙe hannuna ta ja ni waje, har ina tuntuɓe da jakar wata. Sai da muka zagaya bayan ginin ta sake ni, ta jingina da bango. Na zaci ranta ne ya ɓaci. Ashe dariya take yi, hawaye na zuba, irin dariyar da rabon da in ga ta yi tun mijinta na da rai.

Ta ce, "Auta, kin ji abin da ta ce? Aiki ya yi mata yawa."