Firjin da Sanyi Ya Sa Barci

Yayata Lempi Rautio ta shekara arba'in da ɗaya tana gyaran firji a garinmu, a gaɓar babban tafkin arewacin Michigan, kuma ban taɓa ganin ta shiga gida ta fara da kwance wani abu ba. Takan ajiye akwatin kayan aikinta, ta ce wa matar gida ta kashe rediyo, ta manna kunne a jikin firjin kamar mai satar jin hirar maƙwabta. In ta ji ƙas, shiru, ƙas, ta san ɗan makunnin da ke tayar da injin ne ya ƙone. In ta ji gurnani ba hutawa, sai ta durƙusa ta zaro ƙura da gashin kare cike da hannu daga wayoyin baya, ta ɗaga wa mai gida a fuska. Robar ƙofa kuwa da takardar dala take gwada ta. Ta maƙala, ta rufe, ta ja. In takardar ta zare ba gardama, robar ta mutu.

Wurin babanmu Arvo ta koya. Ni Aili, ƙanwarta, ban gaji komai daga gare shi ba sai baki. Ranar da Lempi ta cika ashirin da biyar, Baba ya ɗauki fenti ya rubuta a ƙofar akori-kurarsa: Rautio da 'Yarsa. Ko'ina "wane da ɗansa" ake rubutawa, don haka aka yi ta dariya a gari, shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce kunnen yarinyar nan ya fi nasa tun tana 'yar shekara goma sha biyu.

Wanda ya fi kowa dariya shi ne Wendell Huhta, mai kantin sayar da sababbin firji da injin wanki a babban titi. Dattijon coci ne, shugaban ƙungiyar mafarauta, mai murya kamar ya haɗiye lasifika. In firjinka ya yi tari, Wendell zai dafa kafaɗarka ya yi maka ta'aziyya, ya nuna maka sabo. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa son mutumin nan ba, tun kafin ya ba ni dalili.

Dalilin ya zo a shekarar 1987. Kowane Disamba cocinmu kan yi walimar naman barewa. Duk wanda ya harbo a watan farauta yakan kawo rabonsa, a tara a gidan ƙanƙara na babban firjin coci. A watan Oktoba Lempi ta canza wa firjin makunni. Ana saura kwana biyu walima mata suka buɗe, suka tarar naman ya saki, jini na ɗiga, wari ya kori kowa waje. Aka fasa walima, abin da ba a taɓa yi ba tun zamanin kakanninmu.

Lempi ta je dubawa, ba ta sami firjin a kicin ba. Wendell ya sa an fitar da shi barandar baya tun Nuwamba, wai don a sami wurin jera tebura. Barandar rufaffiya ce, ba a ɗumama ta, amma tana jingine da bangon kicin, don haka ba ta daskarewa. Tana ganin haka ta gane. A taron da aka kira ta miƙe ta yi bayani dalla-dalla. Ma'aunin sanyi guda ɗaya ne a irin wannan firji, kuma a ɓangaren ƙasa yake, wajen madara da ƙwai. In ɗakin da aka ajiye firjin ya yi sanyi daidai da abin da ma'aunin ke nema, sai ya ɗauka aiki ya kammala, ba zai ƙara tayar da injin ba. Injin na barci, gidan ƙanƙara na sama sai ya yi ta saki har nama ya narke.

Wendell ya miƙe a hankali, ya juya ya fuskanci jama'a.

"To, kun dai ji da kunnenku. Sanyi ne ya hana firji yin sanyi. Gobe kuma za a ce mana ruwan sama ne ya shanya wanki."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da fasto, duk da ya rufe baki da hannu. Baba ya dogara sandarsa ya tashi, ya ce abin da yarinyar ta faɗa gaskiya ne. Wendell ya girgiza kai kamar mai tausayi.

"Arvo, tsufa ba laifi ba ne. Amma kai ka damƙa wa mace sana'a, ga abin da muka girba. Zauna ka huta."

Baba ya zauna. Ba wanda ya tanka, ni ma da nake taƙama da baki ban tanka ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

A ƙaramin gari ba a bukatar a kore ka. Waya ce kawai take daina ƙara. Kafin ƙarshen Janairu gidaje uku kaɗai suka rage masu kiran Lempi. Wata safiya muka leƙa muka ga Baba a tsakar gida cikin dusar ƙanƙara, yana shafe rubutun ƙofar motar da farin fenti. Bai ƙara zuwa coci ba. A watan Afrilu ya rasu, aka binne shi a maƙabartar kan tudu. Likita ya ce zuciya ce, ni kuma na ce na san sunan zuciyar.

Lempi ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ɗauko firjin nan na coci, wanda aka jefar a bayan ginin, ta kai kicin ɗinta, ta jona ba tare da ta taɓa ko ƙusa ɗaya ba, ya tashi ya ci gaba da aiki. Ta koma neman gyara a garuruwan nesa, tafiyar awa guda zuwa, awa guda dawowa. Ba ta yi aure ba, ba ta bar gari ba, ba ta kuma daina zuwa coci ba. Kowace Lahadi takan zauna a bencin da ke bayan na Wendell daidai, tana kallon ƙeyarsa. Shekara goma sha ɗaya tana haka.

A kakar 1998 muna shan kofi da burodi mai zaƙi a gidanta, na buɗe jaridar gari na ga tallar Wendell rabin shafi. Firji na biyu, wai, a ajiye a gareji don naman barewa. Na tura mata. Ta karanta sau biyu, ta ninke jaridar a hankali.

"Yaya, ba za ki faɗa musu ba?"

"Na faɗa sau ɗaya. Ke ma kina wurin."

"To yanzu fa?"

"Yanzu sai mu roƙi Allah ya sassauta mana sanyin bana."

Ban gane ba sai da ta fassara mini. In sanyi ya yi tsanani irin wanda muka saba, garejin da kansa zai daskarar da naman, asiri ya rufu. Sanyi mai laushi take so, wanda zai sa injin barci amma ba zai riƙe ƙanƙara ba. Ban taɓa ganin wanda ya roƙi sauƙin hunturu da muguwar niyya ba sai yayata, kuma na taya ta da amin.

Wendell ya sayar da kusan talatin. Biyu daga gidajen nan uku da ba su guje ta ba sun saya, sai ta bi su ta ce su sauke firjin ɗakin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida, kada su tambaye ta dalili. Sauran kuwa ta bar su da dattijonsu.

Addu'a ta karɓu. Janairu ya shigo da yayyafi da caɓi, rufin gidaje na ɗiga da rana tsaka. Wayar Wendell ta fara ƙara. Ya canza ma'auni, ya ƙara gas, ya canza wani ma'aunin. In ya ɗauko firji ya kai kantinsa mai ɗumi sai ya yi ta aiki lafiya lau, in ya mayar gareji sai ya kwanta. Mutumin da ya kwana goma sha huɗu a daji cikin sanyi don barewa ɗaya ba ya jin bayani idan ya tarar da ita tana wari. Aka fara cewa kowa zai mayar masa da kayansa. Wata safiya aka wayi gari an zube masa ruɓaɓɓen nama a ƙofar kanti. Na bi ta titin sau uku a ranar, ba don ina da abin saye ba.

Matarsa Marlys ce ta zo, ranar Asabar da hantsi. Mace ce mai kunya, ba ruwanta, kuma ita kaɗai ce ban ga haƙoranta ba ranar taron nan. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza safar hannunta.

"Lempi, na tuna abin da kika faɗa a coci. Shi ma ya tuna, girman kai ne ya hana shi zuwa. Mutane ba su da wurin sa su a cikin gida, don gareji suka saya. Akwai dabara?"

"Akwai."

"Don Allah ki taimaka. Kantin nan zai rufe."

"Shigo ki sha kofi, Marlys, ba da ke nake ba. Gobe bayan an tashi coci zan zo garejinku. Ki ce masa ya gayyato duk wanda ya yi dariya. Ya san su, ai shi ya ba su waƙar."

Washegari garejin Wendell ya cika har waje, maza da rigunan coci, mata a bayansu. Nasa firjin ma yana nan a kusurwa, shiru. Lempi ta manna kunne a jikinsa kamar yadda ta saba, ta daɗe, da gangan. Sannan ta miƙe ta ce gyaran ba zai kai minti ɗaya ba, amma tukuna.

Wendell ya yi gyaran murya. Ya tsufa a makonnin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"To, Lempi. Na yi kuskure a wancan karon. Shi ke nan ko?"

"Ba ni za ka gaya wa ba."

"Wa kuma zan gaya wa?"

"Wanda ka ce ya zauna ya huta. Yana can kan tudu, ya huta ɗin."

Ba a share hanyar cikin maƙabarta da hunturu. Daga ƙofar shinge zuwa kabarin Baba taku ɗari ne da 'yan kai, dusar ta kai gwiwa, jiƙaƙƙiya mai nauyi. Fasto ya soma cewa ai yafiya ta fi, Lempi ta dube shi ta tambaye shi ko har yanzu yana rufe baki in zai yi dariya. Bai ƙarasa ba. Wendell ya dubi mazan da ke kewaye da shi, kowanne da firji mai barci a gida, bai ga mai ceto ba. Ya ɗauki shebur daga jikin bango.

Muka bi shi a motoci. Muka jeru a jikin shinge muna kallo yana haƙa hanya da takalmin coci, yana tsayawa yana haki, wandonsa ya jiƙe sharkaf. Wani ya yunƙura zai taya shi, Marlys da kanta ta riƙe masa hannun riga. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Ya fi rabin awa kafin ya kai. Ya share dutsen kabarin da hannu, ya cire hula, bakinsa ya motsa.

"Ba a ji ba," in ji Lempi daga bakin shinge. "Kunnen Baba ya yi nauyi tun kafin ya rasu. Ina muryar nan taka?"

Sai ya ɗaga ta, har tudun ya amsa. Ya ce Arvo, ni na sa aka fitar da firjin, gyaran 'yarka ba shi da aibu, kai ma gaskiya ka faɗa. Na dubi fuskokin da ke jikin shingen ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Daɗin da na ji a lokacin ba zan yi ƙaryar cewa na ji kunyarsa ba.

Da muka koma garejin, Lempi ta ciro guntun salatif daga aljihu, ta buɗe firjin, ta ɗaga ɗan maɓallin da ƙofa ke dannawa don kashe ƙwan ciki, ta zare shi ta haɗa wayoyinsa biyu ta naɗe, yadda ƙwan ba zai ƙara mutuwa ba ko an rufe. Ɗan ɗumin ƙwan zai sa ma'aunin ya ji kamar akwai sauran aiki. Ta rufe ƙofar. Muka tsaya tsit kamar masu jiran sakamakon asibiti, can sai ga injin ya yi ƙas, ya kama gurnani. Wani daga baya ya ce, shi ke nan? Ta ce shi ke nan, ta ɗauki akwatinta. Tun kafin ta kai mota mutum shida suka tare ta suna tambayar yaushe za ta zo nasu.

A hanyar gida bakina bai rufu ba. Na kwaikwayi hakin Wendell, na kwaikwayi fasto, na ce gobe zan sayo fenti a mayar da rubutun ƙofar mota. Ita dai tana tuƙi, idonta a kan titi. Da muka zo kwanar da ake hango tudun, sai ta rage gudu. Siririyar hanyar da Wendell ya haƙa tana nan baƙa a cikin farin.

"Yaya, kin huce dai ko?"

Ta juya ta dubi tudun.

"Kowa ya ji, Aili," ta ce. "Baba kaɗai ne bai ji ba."