Sun Zo Karɓar Bashi Ina Cikin Takaba

Lokacin da abin nan ya same ni ina da shekara arba'in da ɗaya, ina zaune da 'ya'yana mata biyu a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Highbridge, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Shekarata goma sha ɗaya a New York, amma duk takardar da ta shigo gidan maigidana ke buɗewa, don ni Turancina na wurin aiki ne da na cefane. Shi tebur gare shi a bakin titi, yana sayar da jakunkuna da huluna. Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburin, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na rubuto muku ne don in faɗi wautar da na tafka bayan rasuwarsa, ko Allah zai sa wata ta tsira.

An yi sadakar arba'in da kwana kaɗan, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Ranar Asabar da hantsi aka buga ƙofa, na ɗauka 'yan ta'aziyya ne, na buɗe ban ko leƙa ba. Maza biyu ne, ɗaya dogo da kwat, ɗayan kuma kakkaura riƙe da fayil. Dogon ya kira cikakken sunan marigayi, ya faɗi ranar haihuwarsa da gidan da muka fara zama a Morris Heights. Ya ce shekara tara da suka wuce maigidana ya ci bashin dala dubu huɗu ya sari kaya, ya biya kaɗan ya daina, yanzu da ruwa ya haura dubu goma sha ɗaya. Na ce masa ai mutumin ya rasu. Ya ce sun sani, shi ya sa suka zo wurina, tunda ni ce matarsa. Sai ya sassauta murya ya tambaye ni ko ina da niyyar neman takardar zama 'yar ƙasa, don a cewarsa irin wannan magana in ta je kotu, har imigireshan sai sun gani.

A lokacin na riga na cike takardun neman zama 'yar ƙasa, ina jiran a kira ni. Ga kuma wani tsoron da ya fi wannan: tun ina yarinya nake jin malamai suna cewa mamaci ba ya samun sukuni matuƙar akwai bashi a kansa. Na tuna ranar jana'iza an yi cigiyar masu binsa bashi, ba wanda ya fito, har na yi hamdala. Na shiga ɗaki na kwaso dala ɗari uku daga kuɗin gaisuwa na miƙa musu. Kakkauran ya rubuta wani abu a fayil, ya ba ni wata takarda na sa hannu ban karanta ba. Ban karɓi rasit ba, ban tambayi sunan kamfaninsu ba.

Daga nan duk bayan sati biyu sai sun zo. Ban gaya wa kowa ba, don ina ganin tonon asirin marigayi ne a ce ya mutu da bashin ruwa a wuyansa. In na ji lifta ta tsaya a hawanmu sai in kashe talabijin, in yi wa yara alama su yi shiru. Wata rana na ƙi buɗewa, suka fi minti ashirin suna bugu, dogon yana ɗaga murya yana kiran sunana yadda duk maƙwabta za su ji, yana cewa gobe za a rufe mini asusun banki a zo a kwashe kayan ɗaki. Ƙaramar 'yata ta shige banɗaki ta kulle kanta tana kuka. Na buɗe na ba su kuɗin hayar gidanmu. A wurin aiki kuwa hankalina ba ya jikina, har na kusa ba tsohuwar da nake kula da ita maganin safe sau biyu. Da kuɗi suka ƙare na ɗauki awarwaron zinaren da na gada daga mahaifiyata na kai wani kanti a Fordham, aka saya a wulaƙance. Cikin wata uku sun karɓi dala dubu biyu da ɗari shida a hannuna.

Maƙwabciyata ce Allah ya yi sanadi da ita, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da muke kira Hajiya. Ta tare ni a ɗakin wanki na ƙasa, ta ce ta daɗe tana jin bugun nan, ta ga yadda na rame, yau sai na faɗa mata gaskiya. Na fashe da kuka na kwashe komai na gaya mata. Ta yi salati, ta ce shekararta talatin a garin nan ba ta taɓa ganin an karɓi kuɗin kotu a bakin ƙofa ba. Ranar Litinin ta sa ni gaba muka hau bas zuwa wani ofishin lauyoyi masu taimakon marasa hali kyauta.

Lauyar ta saurare ni ta bakin tafinta, sannan ta yi mini bayanin da har yau in na tuna sai na ji kamar in mari kaina. Ta ce bashin da sunan maigidana kaɗai aka ci, ni ban sa hannu ba lokacin da aka ci shi, don haka ba a bina ko sisi daga aljihuna. Ta ce kuma bashin ya tsufa, wa'adin da doka ta bayar na kai ƙara a kansa ya wuce tuntuni, ba su da ikon maka kowa a kotu. Ba mai rufe asusu sai da hukuncin alƙali, kuma imigireshan ba ruwansu da wannan. Barazanar da suke yi mini ma ita kanta laifi ce. Ta rubuta wasiƙar hana su tuntuɓata, ta koya mini abin da zan ce.

Asabar ta zagayo suka buga. Hajiya na tsaye a bayana, na saƙala sarƙar ƙofa. Na buɗe kaɗan, na zura wasiƙar, na faɗi abin da na kwana ina haddacewa: "Ku ba ni sunan kamfaninku da lambar lasisinku, ku yi magana da lauyata." Dogon ya karanta, ya dube ni ya ce zan yi da-na-sani. Hajiya ta ɗaga wayarta ta ce da ƙarfi tana ɗaukarsu a bidiyo. Ko lifta ba su jira ba, ta matakala suka sauka. Ban sake ganinsu ba. Lauyar ta shigar da ƙorafi, amma lambar wayar da suka bar mini ta daina shiga, kuɗina kuma ko dala ɗaya ba ta dawo ba.

Bayan na fita takaba na je wurin limamin masallacinmu da maganar da ta fi damuna. Ya ce gaskiya ne haƙƙin wani ba ya tsufa a wurin Allah, amma daga abin da mamaci ya bari ake biya, kuma mai haƙƙin ake ba, bayan an tabbatar da shi. Muka bincika, aka ce kamfanin da ya ba da bashin ya rufe da daɗewa, takardun bashin sun bi hannuwa da yawa. Har yau ban sani ba ko abin da na bayar ya rage wa maigidana wani nauyi, ko kuwa ɓarayi kawai na ciyar da hayar marayu. Abin da zan iya na yi: na sayar da sauran kayan teburinsa na yi sadaka da niyyar mai haƙƙin.

'Yan'uwana mata, musamman mu da muka bar wa maza karatun takardu, ku ji tsoron shirun da na yi. Duk wanda ya zo ƙofarki da maganar bashi, kada ki buɗe, kada ki ba da ko dala ɗaya, kada ki sa hannu a komai. Ki ce ya aiko a rubuce, ki kai wa wanda ya san doka. Ni kunya ce ta hana ni tambaya, ina ganin asirin mijina nake rufewa. Da tun ranar farko na taka taku biyar na buga ƙofar Hajiya, da 'ya'yana ba su yi wata uku suna magana da raɗa a cikin gidan ubansu ba.