Ruwa Ba Ya Tozo

Ni da lakwal, wato makarantar boko, ba mu daɗe tare ba. A shekarata ta uku a can wani mushe, malaminmu, ya tambaye ni bakwai sau takwas nawa ne, na ce masa ya danganta da abin da ake sayarwa. Bulalar da na sha ranar ita ce takardar gamawata. Daga nan babana ya miƙa ni ga ƙanensa mai awon hatsi a kasuwa, kuma a bakin tiya na tsufa: gero, dawa, wake, gyaɗa, duk abin da mutanen Tirmini da Takieta suka sauke ranar Alhamis. Ɗan rubutun nan ma sai da gemu ya fito na koye shi a yaƙi da jahilci, don haka in kun ga harafi ya kwanta ku tashe shi.

Bara waccan ɗana da ke noma a Hamdara ya kawo mana 'yarsa ta zauna wurinmu a Birni, saboda ta samu shiga kolej, aji na siziyam, wato ajin farko. A gida bakinta reza ne, musamman a kaina. In na yi gyangyaɗi a kan tabarma sai ta ce Kaka yana gaida ƙasa. Amma da ta ɗauki jakar lakwal sai ta zama kurma. A ƙauyensu ita ce ta ɗaya, a nan kuwa lissafi ya kama ta da kokawa, 'yan ajinsu kuma suna ce mata ta Hamdara, suna kwaikwayon maganarta. Wata rana na ji tana gaya wa kakarta, wato tsohuwata uwargida, cewa in babanta ya zo cin kasuwa za ta bi shi, kanta ba na lissafi ba ne. Tuwon ranar bai yi mini daɗi ba. Gidan tsofaffi biyu in babu yaro, ko kaza ta yi kuka sai ka ji kamar baƙo ne.

Ana cikin haka madam ɗinsu ta lissafi ta ba su wani aiki. Abin da suke kira fraksiyo suke koyo, wato rabi da sulusi da rubu'i, waɗanda ni a wurin rabon gado kawai na san su. Ta raba su ƙungiya-ƙungiya, ta ce kowace ƙungiya ta samo awon wani abinci na gida, ta ninka shi yadda zai ishi aji, a dafa a kawo ranar Litinin, sannan mutum ɗaya ya fito tablo, wato gaban allo, ya yi bayani. Da 'yan ƙungiyarsu suka ji kakarta ta taɓa sana'ar fanke, sai suka jibga mata komai, har da fitowa tablo.

Fitar da awo daga bakin tsohuwa shi ne yaƙin farko.

"Iya, fulawa nawa kike sawa?"

"Daidai misali."

"Ruwa fa?"

"Har sai hannu ya ce ya isa."

"Iya, madam ba ta san hannunki ba!"

Da ƙyar dai aka tuna cewa da gwangwanin tumatir take awo lokacin da take sana'a: fulawa gwangwani biyu da rabi, ruwa ɗaya da rabi, sukari rabi, sai yis da ɗan gishiri. Yarinya ta ninka sau uku a kayenta, wato littafin rubutunta, tana cizon bik ɗin da take rubutu da shi, ta samu fulawa bakwai da rabi, ruwa huɗu da rabi, sukari ɗaya da rabi. Shi kuwa gwangwanin tuni ya yi tsatsa, a ciki kaji ke shan ruwa. Amma akwai wani kofin silba mai faɗin baki, aka gwada da ruwa aka ga biyunsa ne ke cika gwangwanin. Ta sake duƙawa a kan kaye, can ta ɗago tana murmushi ta ce bakwai da rabi rabi goma sha biyar ne, wato kofi goma sha biyar. Tun zuwanta ban taɓa ganin wannan murmushi a kan lissafi ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka baza kaya a tsakar gida. Tsohuwa gwiwa ta hana ta tsugunno, tana zaune a inuwar darbejiya tana ba da oda. Ni kuwa na naɗe hannun riga.

"'Yar lakwal, kawo kofin nan. Awo aikin manya ne."

"Kaka, kar ka ɓata mini."

"Ni? Tun babanki bai san wando ba nake awo. Je ki ɗumama ruwanki."

Ta tafi madafi. Na jawo buhun fulawa, na yi bisimilla, na fara. To a nan sai in yi muku bayanin hannuna. A kasuwa ba a shafe bakin tiya. Mai awon da ya shafe, ranar ya gama ciniki, har a unguwa za a ce mugu ne. Ana cikawa ne har hatsi ya hau sama ya yi tozo kamar na bijimi, ka kuma tare gefe da tafin hannu don kada ya zube, sannan ka juye. In ka gama ka ƙara gyara, ko da cikin hannu ɗaya ne. Wannan ba shawara nake yi da kaina ba, hannun ne ya san hanyarsa, kamar jakin da ya saba da gida. Fulawa kuma ta fi gero son tozo, sai ka ga ta tsaya tsaf kamar hular malam. Na auna goma sha biyar, ina ƙirgawa da ƙarfi da muryar kasuwa don maƙwabta su ji, na watsa gyara, na karkaɗe hannu.

Ta dawo da ruwanta, kofi tara cif, da sukari kofi uku da ta auna da kanta. Ta zuba, ta sa hannu. Kwaɓin fanke ruwa-ruwa yake, yana bin yatsu. Wannan kuwa ya tsaya kamar ƙasar gini. Ta murza, ta danna, ta hau da gwiwar hannu, ko gezau.

Na ce, "Kai, wannan in aka buga tubali da shi ai sai jikoki su gada."

Ba ta yi dariya ba. Ta goge hannu, ta ɗauko kayen ta duba, ta sake dubawa, sai na ga ɗigon hawaye ya sauka a kan takardar.

"Na faɗa miki, Iya. Ko wannan ma ban iya ba. Gobe ba inda za ni."

Wallahi har lokacin ban ga laifina ba. Ni dai na san goma sha biyar aka ce, goma sha biyar na auna. Tsohuwa ce ta miƙo wuya ta leƙa kwanon, sannan ta dube ni ta ƙasan ido, irin kallon da na sani tun muna da haƙora.

"Malam, ɗauki kofin nan ka auna ɗaya mu gani."

Na ɗiba na ɗaga da alfahari. Tozo ya tsaya, hannuna na tare da shi.

Yarinya ta buɗe baki. "Kaka! Wannan ne rabi?"

"Rabin mutunci ke nan."

"To ruwan fa, da tozo na auna shi?"

Nan fa ta kama ni. Shekaru ina awo, ban taɓa sayar da abin da ba ya tozo ba.

Tsohuwa ta fara karanta mini tarihina tun daga lefe, amma yarinyar ba ta saurare mu ba. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauko wuƙa da faranti. Ta ce in riƙe kofin, ta shafe bakinsa da wuƙar, tozon ya zuba a faranti. Ta ce in sake ɗiba yadda na saba, kada in yi mata kunya. Na sake, ta sake shafewa. Tozo biyun nan da ta tara a faranti ta juye su a kofi, suka cika shi daidai baki.

"Ka gani? Kowane tozonka rabin kofi ne, wato rubu'in gwangwani. Kofinka ba rabi ba ne, rubu'i uku ne."

"To ai albarka ke nan."

"Yi shiru, Kaka, ina tunani."

Na ajiye kofin. Ta kwanta rub da ciki a tabarma, fulawa har a girarta, tana rubutu tana gunaguni da faransanci. Rubu'i uku sau goma sha biyar. Ta soke, ta sake. Ta ce rubu'i arba'in da biyar ne, wato gwangwani goma sha ɗaya da rubu'i. Sannan ta daɗe tana kallon bango, har na zaci kukan ne zai dawo. Sai ta zabura ta ce ai kowane kofi na ƙara masa rabinsa, don haka sauran kayan ma rabinsu za a ƙara: ruwa gwangwani biyu da rubu'i, sukari rubu'i uku.

"Gyara fa?" in ji ni, don a san ina nan.

"Wace gyara?"

"Cikin hannu ɗaya na watsa a ƙarshe."

Ta dafe kai. "Cikin hannun naka nawa ne?"

"Ba a auna gyara, 'yar nan. In an auna ta ai ta zama ciniki."

Tsohuwa ta ce a yi wa ruwan shi ma gyara kowa ya huta. Aka ƙara yis, aka zuba ruwan da sukarin. Hukuncina shi ne murza kwaɓin, don sai da ƙarfi sabon ruwa ke shiga tsohon kwaɓi. Na murza har kafaɗata ta yi ƙara, su biyu suna zaune suna duba aikina kamar 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka. A hankali ya saki, ya fara bin yatsu. Aka rufe shi da zane, kafin magariba ya kumbura har yana ɗaga murfi. Man gidan bai isa ba sai da na je aro maƙwabta da kwalba a hannu, ni da girmana. Fanke ya cika babbar roba har da ƙaramin kwano. Na ci shida a tsaye, don a tabbatar ba a kai wa 'ya'yan mutane abin da bai nuna ba.

Da safe ta ɗora robar a ka ta fita, ba ta ko waiwayo ba. Ni kuwa na kasa zama. Na je majalisarmu ta bakin masallaci, aka ba ni shayi na sha ban ji ɗanɗanonsa ba, na dawo na zauna a dakalin ƙofar gida.

Da azahar na hango ta tafe, roba ba komai tana kaɗa ta kamar ganga.

"Yaya?"

"Na faɗa musu duka."

"Duka me?"

"Tozo, da gyara, da rabin mutunci. Na zana kofinka a tablo da hularsa. Har madam sai da ta zauna don dariya. Ta ce kowa ya rufe kayensa ya lissafa ruwan da za a ƙara. Mutum huɗu kaɗai suka samu, ni na gyara wa sauran."

"Wato kin sayar da ni a gaban aji."

"Da araha ma, Kaka."

Washegari da sassafe sai ga sallama a zaure, 'yan mata biyu da jakunkunan lakwal sun biyo mata su tafi tare, abin da ba a taɓa yi ba. Ɗaya ta leƙo ni ina shan koko, ta raɗa mata, "Shi ne?" Ta ce, "Shi ne." Suka toshe baki. Na gyara zaman hulata, na ce su gaida madam.

Ranar Alhamis babanta ya zo cin kasuwa, ya biyo ta gida da ɗan damin rama. Ashe tsohuwa ta riga ta aika masa da maganar komawar. Ya ce to, in har yanzu tana so, ta haɗa kayanta, motar Hamdara ba ta jira. Tana tsugune tana wanke kwanoni, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, sai hutu. Muna da dabuwar, gwajin lissafi, ranar Litinin."