Baba Gajere da Geron Mawashi

Da an idar da sallar asuba a masallacin unguwarsu da ke Kankia, Malam Abdulbaƙi, wanda kowa ya fi sani da Baba Gajere, ba ya tsayawa hirar ƙofar masallaci. Gida yake nufa ya fito da tsohon kekensa, ya matsa tayoyi da babban yatsa, ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai, sannan ya ɗaure buta da famfo da gwangwanin kayan faci a kariyar da ke bayan keken. Da yake Allah bai hore masa tsayi ba, katako ya ɗaura a kan feda don ƙafarsa ta kai. An daɗe ana yi masa dariyar katakon nan, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da ya fi daraja a kayansa shi ne wani buhu mai cike da ƙananan ƙulle-ƙulle na tsumma. Iri ne a ciki: gero, maiwa, dawa, wake. Tun yana saurayi yake zagaya ƙauyuka da shi, daga Rimaye zuwa Boko, ya zarce Ingawa, wata sa'a har ya leƙa ƙasar Kazaure, inda dare ya yi masa ya kwana a zauren mai gari. Ba sayarwa yake yi ba. Tafi guda yake ba manomi, da sharaɗin in kaka ta yi a ware masa zangarniya mai kyau, shi kuma ya kai ta wani gari mai nisa. Dalilinsa ɗaya ne, cewa ruwa ba ya ɗaukewa ko'ina lokaci guda, don haka bai kamata iri ya zauna wuri ɗaya ba.

Samarin tasha sukan tsokane shi, “Baba, ka sai da ƙarfen nan ka hau babur mana!” Sai ya ce, “Ku da ke bisa babur, mi kuke gani a gonar mutane? Ni ina tahe ina kallo.” Gaskiyarsa. A kan keken nan ya san gonar da ta yi kyau da wadda ta gaza, kuma duk inda ya ga zangarniyar da ta burge shi sai ya jingine keke ya yi sallama.

Mutanen Mawashi sun fi kowa sanin amfanin wannan yawo, tun shekarar da binne ya ci su. Binne dai shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don a riga kowa. A shekarar hadari ya riƙa haɗuwa kullum, kowa ya ɗauki sungumi. Murja, matar marigayi Ma'aruf aminin Baba, ta ga maƙwabta sun fita, ita ma ta juye irinta kaf a ƙasa, har da ɗan abin da Baba ya ce ta riƙa ɓoyewa saboda tsaro. Sai aka yi yayyafi, wanda ya isa ya tsirar da shuka amma bai isa ya raya ta ba. Rana ta buɗe, tsiron ya ƙone ƙurmus.

Da Baba ya iso ya tarar da ita zaune a bakin gona. Ta ce, “Baba, na yi wauta. Ban rage ko ƙwara ba. Mi zan ba ɗiyan nan bana?”

Damina ta riga ta ja baya, geron kasuwa kuwa gauraye ne, ba wanda ya san yaushe zai nuna. Abin da zai fid da su shi ne wani gero mai saurin nuna da ake kira geron Sa'a, sunan mahaifiyar Baba, wadda a hannunta ya gaje shi. Nasa ya rabar, na Mawashi ya ƙone. Wuri ɗaya ya rage, wajen wani Bafillatani manomi mai suna Bube, can gaba da Ingawa ta wajen ƙasar Daura. Bube ba ya riƙe waya, hanyar rugarsa ba ta mota ba ce, kuma in ba Baba ba babu wanda ya san ta.

A lokacin gwiwoyin Baba sun kumbura, da ƙyar yake ruku'u, amma ya ce sai ya je wajen Bube. Sagir mai gyaran keke, wanda ya daɗe yana lallaɓa masa keken, ya ƙi ɗaura masa sabon birki. Ya ce, “Baba, wallahi ba ka iyawa. Ka bari a nemi wata dabara.” Baba ya ce, “Dabarar tana nan, kai dai ɗaura mani birki. In ruwa ya sauka babu iri a hannun Murja, shekara ta tahi ke nan.” Sagir ya ɗaura yana gunaguni.

Kai ne, Baba, wanda masu shayi na Ingawa suka gani ka sauka daga keke ƙafa ta ƙi miƙewa, ka sha ruwa, ka sake hawa. Kai ne wanda sarƙa ta tsinke maka a tsakiyar yashi, ka ɗaure ta da waya ka ci gaba. Matan da ke ɗiban ruwa a wata korama sun ce sun ga wani ɗan tsoho ya saɓa keke a kafaɗa yana ƙetarewa, suka ce ya jira ruwan ya ja, ya ce sauri yake yi. Da ka isa ka tarar Bube ya tashi daga tsohon mazauninsa, ba ka juya ba. Ka yi ta bin ruga ruga kana tambaya har ka same shi.

Bube bai bari ka gama bayani ba. Ya shiga bukka ya sauko da zangarkun da ya rataye a saman murhu, hayaƙi ya kare su daga ƙwari. Ya ce, “Naka ne, Malam. Ajiya ka ba ni.” Ya so ka kwana biyu ka huta, ka duba gabas ka ga hadari, ka ce a'a.

Ranar da Baba ya shigo Mawashi, tura keken yake yi, don ƙafa ta daina taka feda. An yi ruwa mai ƙarfi da safe, ƙasa ta jiƙu sharkaf, mutane na tsaye cirko-cirko babu abin shukawa. Murja ce ta fara hango shi. Sai ta fashe da kuka. Shi kuwa ko zama bai yi ba, ya kwance buhu ya ce, “Bar kukan nan, ɗauko sungumi.” A ranar aka raba irin tafi-tafi, aka shuka. Geron ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, ɗiyan Murja suka ci tuwo daga gonar ubansu.

Bana gwiwa ta yi gardama gaba ɗaya, Baba ya jingine keken a zaure. Raina ya sosu da na je gaishe shi na tarar da shi zaune a tabarma, mutumin da bai iya zama ba. Ina nan Murja ta yi sallama da ƙwaryar fura ta sabon gero. Bai ko buɗe faifan ba ya ce, “Kin ware iri?”

Ta ce, “Na ware, Baba. Kashi biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na aika Rimaye.”

Sai a lokacin ya ɗauki ludayi.

Mun gode, Baba Gajere, gajere mai doguwar tafiya. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da mafificin alheri. Mu kuma da muka rage, ba sai mun ɗaura katako a feda ba. In kaka ta yi, kowa ya zaɓi zangarniyarsa mafi kyau ya aika wa wani a garin da ba nasa ba, don ranar da binne zai sake cin wani, ya zama akwai inda za a dosa.