Ƙwayar da Nafi'u Yake Dakawa

Wata rana yayana, Malam Ɗanlami mai gyaran keke, ya dawo gida da la'asar ya leƙa ɗakin ɗansa Nafi'u.

Ya tarar da yaron a durƙushe, yana murƙushe farar ƙwaya da bayan cokali. Ga kofuna a jere, wani da ruwan randa, wani da ruwan zafi. Yaron ya zuba garin a kofi, ruwan ya hau kumfa, ya ƙura wa agogon waya ido.

A unguwarmu ƙwaya ta lalata samari da yawa. Zuciyar Malam ta ba shi abu ɗaya kawai.

Bai tambaya ba. Mari ya fara kai masa. Yaron na cewa "Baba, na makaranta ne," shi kuwa yana cewa duk haka suke faɗa.

Kafin mako ya zagayo ya cire shi daga makaranta, ya tura shi ƙauye noma wajen kawunsa.

Ana nan sai ga malamar kimiyyarsu ta zo gida cigiya.

"Malam, ina Nafi'u? Jarrabawar gwaji ta matso."

"Ɗalibin naki ƙwaya yake sha. Da idona na gan shi yana dakawa."

"Ka ga ya sha?"

Malamar ta ɗora da cewa:

"Bitamin ce mai narkewa, ni na raba musu. Aunawa suke yi: a ruwan zafi ta fi saurin narkewa ko a na sanyi, dakakkiya ko guda, kuma nawa zafin ruwan ke sauka. Shi kaɗai ya roƙi ƙari don ya maimaita a gida."

Malam ya gane ya zalunci ɗansa. Amma kunya ta hana shi tafiya ƙauyen a ranar. Yaya uba zai tsaya gaban ɗansa ya ce na yi kuskure? Ya ce bari dai a gama girbi.

Ba a gama ba amai da gudawa suka shiga ƙauyen. Suka yi ajalin Nafi'u. Ko jana'izar Malam bai samu ba.

Yau Malam yana nan, yana gyaran kekensa. Idan 'yan makaranta sun wuce, sai ya sunkuyar da kai.

Allah Ya jiƙanka, Nafi'u.

Darasi: Ka tambayi ɗanka kafin ka hukunta shi. In kuma ka gano kai ne da laifi, ka je a ranar.

Ku tura wa wani uba, ko zai tsaya ya saurara.