Ranar da Allurar Anti Sannu-sannu Ta Ƙi Kamawa

Jawo kujera, ɗan'uwa, ka ara mini kunnenka, in ba ka labarin wata likitar haƙori da yara suka laƙaba wa Anti Sannu-sannu.

Shekara goma sha tara ke nan tana aiki a wani ɗan ɗaki a saman benen asibiti, kujera ɗaya, fitila mai dogon wuya, kuma ba wanda ya taɓa ganin gaggawarta. Sai ta fara ɗora yaro a sikeli, don nauyinsa ke faɗa mata iyakar maganin kashe zafin da jikinsa zai ɗauka. Sannan ta shafa wani mai a dasashi da auduga, ta jira wurin ya mutu. Allurar kuwa ta ƙarƙashin haɓa take kawo ta, inda ido ba ya kaiwa, ta tura ruwan kaɗan-kaɗan. Ita kanta tana 'yar shekara shida mutum uku suka danne ta aka fizge mata haƙori. Shi ya sa kowane yaro sai ta yi masa alkawari: "Da ka ji zafi ɗaga hannun hagu, ni kuma in tsaya."

Wata Laraba wani direban babbar mota ya shigo da 'yarsa mai shekara biyar, kunci ya kumbura suntum, kwana uku ba ci ba barci. Aka auna, aka shafa, aka yi allura.

"'Yammata, leɓen nan ya zama na raƙumi ko tukuna?" in ji Anti.

Yarinya ta gyaɗa kai. Anti ta kama haƙorin da awartaki, ta ɗan girgiza. Sai hannu ya yi sama.

Ta tsaya cak. "Dannawa kike ji, ko suka?"

"Kamar ƙaya," in ji yarinyar, hawaye na gangarawa cikin kunnenta.

Anti ta gane matsalar. Mugunya ta taru a gindin haƙorin, mugunya kuwa hana allura kamawa take yi. Anti ta ƙara ɗan maganin da ya rage kafin iyaka, ta jira minti biyar, ba ka jin komai a ɗakin sai fanka. Ta sake taɓawa. Hannu ya sake tashi.

"Likita, ƙara mata mana!" in ji uban.

"Malam, na kai iyaka. In na wuce, zuciyarta zai taɓa."

"To ni zan riƙe ta! Ai fizga ɗaya ce. Gobe zan ɗauki hanya, sati biyu ba na gari, uwarta kuma ga tsohon ciki, ba ta iya hawa benen nan."

"Kwana biyar kawai. Ta sha magani kumburin ya saɓe, allura za ta kama. Ko kakarta ta kawo ta."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Akwai wani a bayan tasha, a tsaye ma yake cirewa. Shi ba ya auna mutum kamar buhun siminti."

Anti ta san irin aikin mutumin, don bakinta ya taɓa ɗanɗanawa. In ta ƙi, can za a kai yarinyar. In ta yarda, ita ce za ta yi aikin nasa, da farar riga. Ta dubi ɗan hannun nan, har yanzu yana sama, ba wanda ya ce a sauke.

Ta ajiye awartakin a faranti.

Ta rubuta magani, ta ce a kula kada yarinya ta ciji leɓenta kafin ya farfaɗo. Uban ya fizgi takardar, ya saɓa 'yarsa a kafaɗa, ko sallama babu.

Anti ta ruga taga. Kantin magani na hannun dama, tasha na hagu. Ta hango su a bakin titi, uban ya tsaya yana juya takardar. Sai wata doguwar bas ta gitta, kafin ta wuce sun ɓace.

To, ɗan'uwa, da kai ne riƙe da awartakin nan, za ka ajiye, ko za ka fizga?