Mushen Falsafa da Mantuwar Babana

A shekarar da na ɗauko babana daga ƙauyenmu na wajen Karofane na dawo da shi hannuna a Buza, a shekarar ne aka turo wa lise, wato babbar sakandare, sabon mushen falsafa; mushe muke ce wa malamin boko. Ni ina koyar da ƙananan yara a lakwal, wato firamare, mijina yana ci-rani a Abijan, gidan daga ni sai 'ya'yana sai Baba.

Tsufa ya taɓa wa Baba tunani. Da farko sunayen jikokinsa ne suka ɓace masa, daga baya hanyar gona, har aka tsince shi wata rana zaune a bakin kwari bai san inda ya nufa ba. Lokacin da ya iso wurina ya riga ya daina kirana ɗiyata. Yaya yake ce mini, yana ɗaukata a matsayin yayarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba. Kullum sai na gyara masa, in ce, "Baba, ni ce, ɗiyarka." Sai ya dube ni da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙon da ya yi kuskure.

Mushen nan mutumin Damagaram ne, siriri, mai yawan dariya. Bai daɗe da zuwa ba ya nemi izini ya riƙa tara jama'a kowace Asabar bayan la'asar a farfajiyar gidan matasa, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Ya ce abin da yake koya wa 'yan ajin ƙarshe da Faransanci ba na 'yan makaranta ne kaɗai ba, kowa na iya zuwa a yi shi da Hausa. Mutanen gari ba su saki jiki ba. An daɗe ana cewa falsafa ita ce karatun da ke raba yaro da salla. Saboda haka wani malami mai makarantar allo a unguwarmu ya ce zai je ya ji da kunnensa, in ya ji ɓarna ya hana. Bai hana ba. Ya zama shi ne mai fara zuwa, shi ne kuma mai gardamar da ta fi ta kowa tsawo.

Ni wata abokiyar aikina ce ta ja ni. Mata ba mu da yawa, muna zama gefe kan tabarma, maza kan kujerun da aka aro daga aji. Samarin fada, masu zaman hira a bakin hanya, suna zuwa da butarsu ta shayi. Mushe ba ya yin dogon jawabi. Yakan jefa tambaya ɗaya, ya rubuta ta a ƙaramin allo da ya jingina da itace, ya bar mu da ita. An yi Asabar guda a kan ko ƙaryar da za ta hana faɗa ƙarya ce. An yi wata a kan ko mai arziki ya fi talaka 'yanci. Ban taɓa buɗe baki ba. Ina zuwa ne don in huta da gida, gaskiyar magana ke nan, in ji manya suna musu a kan abin da ba tuwo ba, ba magani ba.

Wata Asabar cikin bazara ya zo da maganar rumbu. Ya ce a ɗauka mutum ya gaji rumbun laka daga kakansa. Bana gefe ya tsage an yaɓe, baɗi an sake hular, wata shekara an canza duwatsun gindi, har aka wayi gari babu ko dunƙulen laka ɗaya na hannun kakan. Shin rumbun kakan ne har yanzu?

Akwai wani tsoho da ba ya fashin zuwa, ɗan gidan da a da su ne masu yi wa iskoki yanka a kan dutse kafin shuka, ko da yake shi ya daɗe da yin salla. Ya ce, "Rumbun kakana na. Wurin bai sake ba, hatsin gidanmu aka zubawa ciki."

Wani da ya daɗe a Libiya ya ce shi bai yarda ba, sabon rumbu ne da tsohon suna. Aka yi ta ja, ana dariya. Sai Mushe ya goge kalmar rumbu a allo ya rubuta mutum. Ya ce jikinmu ma haka yake sakewa, tunaninmu ma haka. To me ya sa jaririn da aka raɗa wa suna da tsohon da aka kai kushewa suke mutum ɗaya?

Malam ya ce wannan ba ta da wuya, rai ne, kuma shi za a tambaya gobe kiyama. Mushe ya ce ya ji, amma mu da ke nan duniya ba ma ganin rai, da me muke gane mutum? Ɗan Libiya ya ce da tunawa. Ya ce shi abin da ya sa ya san shi ne ya tafi kuma shi ne ya dawo, yana tune da ranar da ya bar gida.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, kamar ɗaya daga cikin yaran ajina. Na ce, "Mushe, in tunawa ce mutum, to wanda ke gidana wane ne?"

Na ba su labarin Baba a taƙaice. Na ce bai san ni ba, bai san garin da yake ba, amma kowace safiya sai ya tsinci duwatsun tsakar gida ya jera su a layi, daidai yadda yake jera su a gonarsa don tare ruwa kada ya kwashe ƙasa. Na ce ni wannan ne ke nuna mini shi ne.

Mushe ya saba in ka kawo hujja ya matsa ta ya ga ko za ta tsaya, haka yake yi wa kowa. Ya ce, "Madam, jaki ma in ya saba da hanyar rijiya yana binta ba tare da an kora shi ba. Sabo ya isa ya zama mutum?"

Wasu samari suka fara dariya suka haɗiye ta. Malam ya yi gyaran murya ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa hisabi, amma ba a ɗauke wa ɗiyansa haƙƙinsa ba. Na san taimakona yake so ya yi, sai dai maganar ta ƙara mini nauyi, don ji na yi kamar shi ma yana cewa Baba ya riga ya tafi. Na naɗe tabarmata na fita.

Asabar ta zagayo ban je ba, wadda ta biyo ta ma haka. A ta gaba, da hantsi, na ji sallama a ƙofar gida. Malam ne da tsohon nan, Mushe a bayansu riƙe da ƙullin goro, ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohon ya ce, "Munka ce ba a yi ma mutum shari'a shina nesa. Mun taho mu gaishe shi."

Baba yana zaune a inuwar zaure. Da ya ga baƙi sai ya yunƙura ya miƙe, abin da ya kwana biyu bai yi ba sai an kama shi. Ya janye buzunsa ya tura wa Malam, ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, a kawo ma baƙi ruwa." Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida, ya tambayi bisashe, ya tambaya ko hadari ya fara haɗuwa wajensu. Shi da tsohon suka shiga hirar gero da dawa kamar sun tashi tare, alhali ba su taɓa haɗuwa ba.

Da ya zo kan Mushe ya ce, "Kai ɗan wa na?" Mushe ya faɗa masa sunan mahaifinsa da garinsu. Baba ya ce nesa ce ƙwarai, Allah ya sa an karɓe shi da kyau a nan. Can an jima ya sake tambayarsa, Mushe ya sake ba shi amsa kamar yanzu ya fara ji. Haka suka yi ta yi har ruwan da na kawo ya ƙare. Da za su tafi Baba ya raba goron da aka kawo masa ya ba kowa, ya ce baƙo ba ya fita gidansa hannu banza.

Na raka su ƙofa. Mushe ya tsaya ya ce, "Madam, ki yafe mini maganar jaki. A aji ina koyar da tambayar nan kowace shekara, ban taɓa zama da wanda take kansa ba."

Na ce, "To yanzu mece ce amsarka?"

Ya ce ba shi da ita. Ya ce abin da ya gani dai, mutumin da ke cikin zauren nan ya san yadda ake girmama baƙo, kuma shi bai san sunan da zai ba wannan ba in ba hali ba. Amma ko hali ne mutum, ya ce sai mun koma mun tattauna. Malam ya ce shi yana nan kan bakansa, rai ne. Suka tafi suna musu a hanya.

Na koma zaman Asabar. Ba a warware tambayar ba, aka wuce zuwa wasu. Abin da ya canza a gida ne. Na daina gyara wa Baba. Wata rana da ya ce Yaya sai na amsa, na ce, "Na'am, ƙanena." Ya matso kusa ya rage murya ya tambaye ni ko na faɗa wa innarmu maganar akuyar. Na ce wace akuya? Ya ce wadda ya bari ta ɓace a kan dutse, wai ni yayarsa na ce ni ce na sake ta, aka buge ni a madadinsa. Na ce ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya saka mini.

Daga ranar na san abubuwa da yawa game da yaron da ya zama ubana: shekarar fari da suka ci ganyen daji, tsoron da yake yi wa rijiya, waƙar da yayarsa take yi masa in zazzaɓi ya kama shi. Duk tsawon rayuwata bai taɓa ba ni waɗannan ba, don uba ba ya irin wannan hira da ɗiyarsa. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko yaudararsa nake yi. Na kai tambayar zaman Asabar, aka rabu gida biyu a kanta har aka kira magariba.

Baba ya rasu cikin damina, muka kai shi ƙauye. Malam ne ya bi mu a bayan babur ya yi masa salla. Da aka koma makaranta aka canza wa Mushe wurin aiki zuwa garin Madawa. Zaman bai mutu ba, ya dai ragu, yanzu ɗan Libiya ne ke rubuta tambaya a allo, rubutunsa a karkace. Mata sun ɗan ƙaru. Makon jiya wata mai sayar da ƙosai ta tambaya ko alkawarin da ka yi wa mamaci yana nan a wuyanka, tunda babu mai zuwa ya tuhume ka. Ruwa ya kore mu kafin Malam ya gama ba ta amsa, aka ce sai Asabar.